Shin ƙarancin jama'a ne ke hana ƙauye samun hanyar mota?

Ɗan Adar, daga Yamai:

Assalamu alaikum. Ina zaune a Yamai, amma asalina wani ƙaramin ƙauye ne a yankin Keita na ƙasar Adar, cikin jihar Tawa. Mota ba ta shiga garinmu sai ranar kasuwa, ita ma da rani kaɗai, domin da zarar damina ta kankama koramar da ke tsakaninmu da babbar hanya takan cika, sai a koma ga amalanken jaki da kabu-kabu. Bara matar ƙanena ta yi doguwar naƙuda, aka ɗora ta a amalanke tun cikin dare, ba su isa asibiti ba sai da hantsi. Allah ya kiyaye ta da jaririnta. Da dattawan garin suka kai kuka ga hukuma kan a yi mana hanya, aka ce musu mutanen garin ba su da yawan da za a kashe kuɗin hanya dominsu. Shin da gaske yawan jama'a ne ma'auni?

Tsohon malamin makaranta, daga Tawa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ana duba yawan jama'a, amma ka tambayi wanda ya ba ku amsar da wane lissafi yake aiki. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 17 a Nijar, sama da miliyan 3 daga cikinsu a jihar Tawa, kuma ta nuna jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara. Da irin wannan ƙaruwa, gari yakan ninka cikin shekara 18 ko kusa da haka, saboda haka adadin da ke rubuce a kan garinku ya tsufa. Ga kuma ci-rani: baƙon da ya zo bayan girbi, lokacin da samarin Adar suka watse zuwa Abijan, Najeriya da Libiya, tsofaffi da mata da yara kaɗai zai tarar, ya koma da zaton garin kango ne. Ku nemi littafin haraji a wurin maigari, ku haɗa da yawan ɗaliban makarantarku, ku kai a rubuce.

Direban ɗaukar kaya, daga Konni:

Malam ya yi gaskiya, sai dai mu masu mota ba kawuna muke ƙirgawa ba, kaya muke dubawa. Dubi Galmi: albasa ce ke tsayar da manyan motoci a can kan hanyar Yamai zuwa Maradi. Idan garinku na fitar da albasa ko wake ko dabbobi, ku tara su wuri guda a rana guda tare da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ku, mota za ta zo da kanta. Kuma ina ba ku shawara kada ku fara da neman kwalta, domin za ku daɗe kuna jira. Abin da ke yanke ku shi ne korama, don haka ku nemi a yi mata daɓen siminti da duwatsu wanda ruwa ke bi ta kansa, ana ketarewa da zarar ya janye, sannan a zuba burji a wuraren da ke da yashi. Ƙauye biyar da suka sa hannu a takarda ɗaya sun fi ƙauye ɗaya nauyi a ofishin magajin gari.

Ungozoma, daga Buza:

Yaya, labarin matar ƙanenka ya taɓa ni, domin irinsa nake gani kowace damina. Kafin hanya ta samu, ku 'yan garin da ke Yamai ku kafa asusun ɗaukar marar lafiya, a ajiye shi hannun amintaccen mutum, kuma mace mai ciki da watanta ya kama cikin Agusta ta ƙaura wurin dangi kusa da asibiti tun ruwa bai tare hanya ba.