Wata biyar ba aiki, wuri arba'in ba amsa: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida na yi ina riƙe da sito a wani kamfanin roba a Sharaɗa, nan Kano. Da tsadar dizal ta ci ƙarfinsu suka rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Yau wata biyar ke nan. Ina da HND a fannin akanta, ga iyali da yara uku. Na tura CV wuri sama da arba'in ta shafin neman aiki na Jobberman da imel, ko "mun gani" ba wanda ya ce min. Yanzu wani ya ce in kawo naira dubu 600 ya samo min gurbi a wata hukumar tarayya, har na fara tunanin sayar da babur ɗina. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani dattijo da ya daɗe yana ɗaukar ma'aikata:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Babur ɗin nan kada ka taɓa shi. Hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya a fili take tallata gurabenta, kuma ba ta karɓar ko kwabo. Masu sayen takardar aiki da yawa sai an je tantancewar IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, suke gane jabu aka ba su, ga kuɗi ya tafi, ga tuhuma a kansu.

Batun CV kuwa, ina zargin guda ɗaya kake ta rabawa kowa. Lokacin da nake kan teburin nan, takardu kan taru tuli, rabin shafin farko kawai nake dubawa. In na ga "mai himma, mai riƙon amana" sai in ajiye, don kowa haka yake rubutawa. Wanda nake kira shi ne wanda ya ce tirela kaza yake saukewa a mako, lebura kaza ne a ƙarƙashinsa, shi ke ƙidayar kaya ta ƙarshen wata da Excel. Ka rubuta naka haka, shafi biyu, kuma duk gurbin da za ka nema ka gyara shi ya dace da abin da suka tambaya.

Sannan aikin sito aikin amana ne. Ba kasafai maigida ke miƙa wa wanda ya gani a intanet mukullin kayansa ba, sai wanda aka tsaya masa. Su wa suka san hannunka? Dillalan da ka loda wa kaya shekara shida, da direbobi, da tsohon manajanka. Ka sayi littafi mai shafi arba'in, ka rubuta sunayensu. Kowace safiya ka sa kaya masu kyau, ka hau babur ɗin, yau Bompai, gobe Challawa, jibi Kasuwar Singa ko Dawanau. Duk inda ka je ka rubuta ranar, da wanda ka gani, da abin da ya ce, bayan mako biyu ka sake tuntuɓa.

Wata 'yar'uwa daga Maiduguri:

Yaya, ka ƙara da ƙungiyoyin agaji. Suna neman masu kula da rumbun kaya, kuma suna saka gurabensu a shafukan intanet na ReliefWeb da MyJobMag. Amma suna kiran mutanen da ka ba da sunayensu a matsayin shaidu, don haka ka sanar da su tun da wuri. Idan kuma kamfanin da ya sallame ka yana zuba maka fansho, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu ba aiki damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara. Ka je ofishin kamfanin fanshonka da takardar sallama.

Mai tambaya:

Wallahi Baba kamar kana gani, CV ɗaya ne tun na bayan bautar ƙasa, layi biyu kawai na ƙara. Mai maganar kuɗin na ce masa na fasa. 'Yar'uwa, na gode, Litinin zan je wajen 'yan fansho. Baba, in na gyara zan iya turo maka ka duba min?

Dattijon:

Turo shi bayan Isha'i, ina nan.