Cizon gizo-gizo ne ko me? A ba mu shawara

Mai tambaya, daga Rijiyar Zaki, Kano: Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanina ɗan shekara 19 ya tashi shekaranjiya da raɗaɗi a gefen wuya. Jiya wurin ya yi duhu ya ja layi kamar tsawon ɗan yatsa, yau kuma ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito. Umma ta ce fitsarin tautau ne, a shafa toka da manja, maƙwabci kuma ya ce cizon gizo-gizo ne, a kai shi wajen wanzami a tsaga. Mu tafi asibiti ne ko a yi magani a gida?

Malamar jinya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam, kafin komai a ba Umma haƙuri, kada a sa toka, man birki, kananzir ko man goge baki, kuma kada aska ta taɓa wurin. Tsaga ba ta fitar da dafi, ƙofa kawai take buɗe wa ƙwayoyin cuta. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 10, a ɗaga minti 10. Yau ɗin nan ka zagaye iyakar wurin da biro, ka ɗauki hoto, gobe da safe ka duba ko ya tsallake layin. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ka taɓa da bayan hannu ka gwada ɗuminsa da ɗaya gefen wuyan. Sai tambayoyi: ya ga abin da ya cije shi? Akwai zazzaɓi? Kusa da fitila yake kwana?

Mai tambaya: Anti, bai ga komai ba, zazzaɓi kuma babu. Karatu yake yi da dare ƙarƙashin ƙwan sola, taga a buɗe, ragar tagar ta yage. Yanzu na lura akwai irinsa ƙarami a haɓarsa, daidai inda take taɓa wuyan.

Likitan fata: To, bayanin nan na ƙarshe ya rage mana aiki. Ba a yanke hukunci ta waya, amma duk alamun sun fi karkata ga wani ɗan siririn ƙwaro mai suna Paederus. Tsawonsa bai wuce santimita 1 ba, baƙi ne da ratsin ruwan lemo, ya fi kama da tururuwa. Yana yawaita da damina da wuraren noman rani, kuma haske yake bi da dare. Ba ya cizo, ba ya harbi. Guba ce a cikin ruwan jikinsa, sai mutum ya ji abu na tafiya a wuya ya murje shi, ya shafe gubar a fata da hannunsa. Shi ya sa ciwon yake jan layi, shi ya sa kuma yake ɗaukar kwana 1 zuwa 2 kafin ya bayyana. Na haɓar nan gubar ce ta taɓa inda fata ta haɗu da fata. Wani lokaci abin da ake kira fitsarin tautau shi ne wannan.

Yakan bushe cikin mako 1 zuwa 2, ya bar tabo mai duhu da zai ɗauki watanni kafin ya baje. Kada a fasa ƙurajen. A wanke rigar filo da zanin gado, a gyara raga, kuma in ya sake ganin ƙwaron a jikinsa ya hure shi. Idan ido ya kumbura ko ya yi ja, a ga likitan ido a ranar.

Game da gizo-gizo: in ba a gan shi yana cizon ba, da wuya ya zama shi ne. Galibin abin da ake ɗora masa maruru ne ko ƙwayar cuta da ta shiga fata. Hotunan ruɓewar nama da ke yawo a Facebook da WhatsApp ana jingina su ga wani gizo-gizo ne da ke Amurka. Ɗaya daga cikin waɗanda ya dace a sani a Afirka shi ne mai ruwan ƙasa, mai ƙulluluwar ciki da tambari ruwan lemo a ƙasan cikin, jakar ƙwansa kuma tana da ƙananan tsinaye. Yana ɓuya a sito, ƙarƙashin kujera, cikin tsofaffin tayoyi da takalman da aka daɗe ba a sa ba. Shi nasa ba ya jiran kwana biyu: zafi yana ƙaruwa cikin awa ɗaya zuwa 'yan awanni, wani lokaci da gumi, ɗaurewar jijiyoyi da murɗawar ciki ko baya. Wanda ya ji haka ya wuce asibiti kai tsaye, musamman yaro, tsoho, mai ciki da mai hawan jini.

Abu ɗaya nake so a tabbatar ba shi ba ne. Akwai ciwon da ƙwayar cutar ƙarambau ke tayarwa bayan shekaru, ƙuraje masu ruwa a gefe ɗaya na jiki, kuma zogi yana riga ƙurajen zuwa da kwanaki. Maganinsa ya fi aiki cikin awa 72 na farko, don haka in sababbin ƙuraje na ci gaba da fitowa, kada a jira.

Mai harhaɗa magunguna: Ƙari kan na likita. Ga babba, farasitamol ƙwaya 2 ta 500mg duk awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a yini. In akwai ƙaiƙayi, cetirizine 10mg ɗaya da dare. Don Allah a guji man shafawan nan mai haɗi uku da ake miƙawa a kemis kan kowane ƙurji, akwai sitirod mai ƙarfi a ciki, yana kwantar da kumburi a ido alhali ciwo na ci ta ƙasa. Haka buɗe kafso a barbaɗa garinsa a ciwo, ba ya maganin komai.

Malamar jinya: Malam, ga abin da zai sa ku tafi ba tare da jiran gari ya waye ba: kumburin leɓe, harshe ko fuska, numfashi da ƙyar, jiri ko suma, zazzaɓi da ya kai 38, kumburi ya tsallake layin biro cikin awanni, ko tsakiyar wurin ya yi baƙi. Wannan na sashen gaggawa ne, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, yara kuma Hasiya Bayero. Mugunya, kaluluwa mai zafi, ko kwana 2 babu sauƙi, asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa a fara da shi. Mai ciwon suga ko sikila kada ya zauna jira ko da wurin ƙarami ne. Ku tambayi allurar tetanus in ya haura shekara 5 rabonsa da ita kuma wurin ya zama gyambo.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na zagaye da biro, an fasa zuwa wajen wanzami, gobe da safe zan kai shi a duba.