Labaran soyayya cikin zane: daga ina suka fito, kuma me ya hana mu yin namu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke aji biyar na sakandare ta rage karatun littattafan Hausa, ta koma wasu labaran soyayya da ake zanawa hoto bayan hoto, tana jan su ƙasa da yatsa a waya. Da na karɓi wayar na duba, sai na ga galibinsu daga Koriya ta Kudu da Japan suke, an juya su zuwa Turanci. Ina roƙon masana su yi mini bayanin asalin wannan salo, da yadda zan bambance wanda ya dace da shekarunta. Sannan ina mamakin yadda mu da muke da kasuwar littattafan soyayya a Kano tun shekarun 1980 ba mu cika ganin irinsa da Hausa ba.

Tsohon Mai Shagon Littattafai:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A Amurka, Joe Simon da Jack Kirby, waɗanda suka ƙirƙiro Captain America, su ne suka fitar da mujallar labaran soyayya cikin zane mai suna Young Romance a 1947, lokacin da kasuwar labaran jarumai ta ja baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta karɓu ƙwarai a wurin 'yan mata, har sauran kamfanoni suka yi rububin kwaikwayonta. A 1954 masu buga mujallun suka kafa wa kansu hukumar tacewa saboda ƙorafin iyaye da binciken Majalisar Dattawa, daga nan labaran suka yi lami, kusan kowanne ya ƙare da aure ba tare da wata gwagwarmaya ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 kasuwar ta mutu.

Japan ce ta raya abin. Can suna da rukunin manga, wato labaran zane na Japan, da ake kira shojo, wanda aka keɓe wa 'yan mata, kuma tun farkon shekarun 1970 mata ne suka karɓe zanensa daga hannun maza. Riyoko Ikeda ta fara The Rose of Versailles a 1972, soyayya ce da aka ɗora a kan juyin juya halin Faransa. Wanda ƙanwarki take ja da yatsa kuwa shi ne webtoon na Koriya, an tsara shi ne musamman domin allon waya. Shawarata ita ce ki riƙa duba alamar shekarun da ake maƙala wa labari, domin akwai rukunin josei da aka yi wa manyan mata, kuma bangonsa bai cika bambanta da na yara ba. Abin da marubuci zai sakaya da jimla ɗaya, mai zane yakan fito da shi ƙuru-ƙuru.

'Yar Damagaram:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in jawo hankali zuwa nahiyarmu. Mu da muka yi boko da Faransanci mun tarar da mujallun soyayya masu hotunan mutane na gaske da maganganu a rubuce a kansu, irin su Nous Deux da aka fara bugawa a Faransa a 1947, ana musayar tsofaffin kwafe tsakanin ƙawaye. Wanda ya fi burge ni shi ne Aya de Yopougon, wanda Marguerite Abouet ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana. Kashi na farko ya fito a 2005, ya kuma ci kyautar littafin farko a bikin littattafan zane na Angoulême da ke Faransa a 2006. Labarin yana faruwa ne a wata unguwa ta Abidjan a ƙarshen shekarun 1970. Aya tana son zama likita, ƙawayenta biyu kuma hankalinsu yana kan samari da wuraren rawa, har ɗaya ta yi cikin shege aka laƙaba wa ɗan wani attajiri. Babu yaƙi, babu yunwa, sai iyaye da dangi da gulmar unguwa, abubuwan da duk wanda ya tashi a gidan yawa zai gane. Amma Yaya, ki fara karantawa da kanki kafin ki miƙa mata, domin tarbiyyar Abidjan ba ta Kano ba ce. Akwai shi da Turanci.

Mai Zane daga Zariya:
Tambaya ta biyu ta shafi sana'ata, kuma amsarta kuɗi ne kafin komai. Marubuciya takan iya rubuta babi guda a waya cikin dare ta tura zauren WhatsApp da safe, masu karatu su biya ta, alhali shafi ɗaya mai kyau yakan cinye wa mai zane yini guda, ga tsadar buga launi idan za a kai maɗaba'a. Akwai kuma saɓanin malamai a kan zanen abu mai rai, wanda ke sa iyaye da yawa ba sa ƙarfafa wa yaro gwiwa, ga Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano da dole mai bugawa ya yi la'akari da ita.

Sai dai ban yarda da Baba ba gaba ɗaya a kan cewa zane tonon asiri yake yi. Ƙwararrun masu zanen shojo sun fi ƙarfi wajen nuna abin da ba a faɗa ba: shafi guda yakan ƙare a kan ido da aka sunkuyar, ko hannu da ya tsaya bai kai ga taɓawa ba. Wannan kuwa shi ne zancen ƙofar gida a wurinmu, inda budurwa take wasa da bakin mayafi, ƙaninta yana zaune kusa a matsayin ɗan rakiya, saurayi kuma yana ta kewaye-kewaye bai fito da maganar ba. Marubutanmu sukan cika shafi uku suna bayanin kunya, mai zane kuwa akwatin hoto biyu sun ishe shi. Ko tsarin manga na karantawa daga dama zuwa hagu ba baƙo ba ne ga wanda ya yi makarantar allo.

Tsohon Mai Shagon Littattafai:
Ɗana, na karɓi gyaranka a kan ƙwararru, amma ba su ne suka fi yawa a wayar yaran nan ba. Idan da gaske kake, ka nemi marubuciya guda da ke da masu karatu, ku fara da baƙi da fari, shafi goma a mako, ku ga ko mutane za su biya kafin ku yi maganar maɗaba'a.