Don Allah a taimaka: me za mu kira “science fiction” da Hausa?

Mai Shirin Adabi: Salamu alaikum malamai. Ran Asabar zan yi shiri a rediyo kan Jules Verne, marubucin Faransa da aka haifa a Nantes a 1828, ya rasu 1905. Ba ni da sunan irin rubutun da ya yi suna a kai. Na rubuta “tatsuniyar kimiyya” amma bai kwanta min ba.

Malama Uwani: Cire tatsuniya, ai ba Gizo da Ƙoƙi ba ne. Mutumin nan lissafi yake yi. A littafinsa na 1865 ya harba mutum uku zuwa wata daga Florida cikin igwa, kuma daga Florida ɗin Amurkawa suka tashi a 1969. “Ƙagaggen labarin kimiyya” muke koya wa ɗalibai.

Baffan Yara: Ya yi tsawo, Malama. Ni tun bara nake cewa “hangen-gobe”. Kalma biyu, Hausa tsantsa, babu aron Larabci.

Malama Uwani: Baffa, littafi ma aro ne, sai mu daina faɗa?

Baffan Yara: Hangen-gobe dai. Ku gwada a baki ku ji daɗinsa.

Ɗan Damagaram: Wace gobe? Littafinsa na 1863 tafiyar mako biyar ce cikin balan-balan daga Zanzibar zuwa Sanagal, suka ratsa ta saman Tafkin Chadi da Agadas. Zamaninsa ne, kuma bai taɓa taka ƙasarmu ba, daga rahoton Turawa matafiya irin su Barth ya kwaso. Mu nan “almarar kimiyya” muke ji.

Baffan Yara: To ku da ke karatu da Faransanci ne za ku gyara mana Hausa?

Ɗan Damagaram: Haba Baffa, Hausar Damagaram ba a Kano aka saye ta ba.

Malama Uwani: Ku bar wannan. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaro sararin samaniya da Hausa, bai jira an raɗa wa abin suna ba. Almara dai tana ɗauke da ma'anar abin da ba zai yiwu ba, shi ne damuwata.

Mai Shirin Adabi: Na gode. Zan buɗe da “ƙagaggen labarin kimiyya”, in ci gaba da “almarar kimiyya” saboda lokaci.

Baffan Yara: Ba komai. In kun gaji da tauna harshe, hangen-gobe na nan.