Wane suna za mu ba Pietà a Hausa?

'Yan'uwa masu sha'awar harshe, ina neman shawararku kan kalmar Pietà, sunan da Italiyawa suka ba zane ko sassaƙen da ke nuna Maryamu da gawar Yesu a kan cinyarta bayan an sauko da shi daga gicciye, bisa imanin Kiristoci. Wadda ta fi shahara ita ce ta Mikelanjelo, wadda ya sassaƙa da dutsen marmara ya kammala a 1499, tana Majami'ar Waliyyi Bitrus a Vatikan, amma siffar ta fara bayyana ne a Jamus wajen shekarar 1300, kuma Linjila ba ta kawo labarin wannan zama ba. Masu ibada ne suka hango shi da idon zuci.

Wasu sun ce a rubuta "Tausayi", tunda ma'anar kalmar ke nan a Italiyanci. Ni dai ban gamsu ba, domin tausayi na mai kallo ne, kuma Bahaushe ba ya cewa uwa tana tausayin mutuwar ɗanta. An kawo "Makoki" ma, sai dai makoki taro ne mai koke-koke, don haka ya fi dacewa da irin zanen makokin Yesu da mai zane Jiyotto ya yi a birnin Paduwa na Italiya wajen 1305, inda har mala'iku suke kururuwa a sararin sama.

Ku dubi zanen Pietà na Abinyon, wani gari a Faransa, na wajen 1455, wanda ke gidan tarihi na Louvre a Faris, babban birnin ƙasar. Jikin Yesu ya lanƙwashe kamar baka, haƙarƙarinsa duk a fili, ga raunin mashi a gefensa. Almajirinsa Yohanna yana zare masa kambin ƙaya, Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin mabiyansa, tana share hawaye da mayafinta, uwar kuwa ko rungumarsa ba ta yi ba: ta haɗa tafukan hannu, ta karkatar da kai, bakinta a rufe. Wannan baƙin cikin da aka haɗiye ba tare da kuka ba shi muke kira jimami, shi ya sa nake ganin "Jimamin Maryamu" ya fi kama abin da ke cikin zanen. "Alhini" ma ba ta yi nisa ba, amma a kunnena ta fi zama a saƙon ta'aziyya.

Idan Hausawa mabiya ɗarikar Katolika a Kaduna ko Jos suna da sunan da suka saba amfani da shi, don Allah su sanar da mu, nasu za mu ɗauka.