"Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki": wace lafiyar ake nufi?

Malam Mai Alli: Salamu alaikum. Jiya wani ɗalibina ya tambaye ni, lafiyar da ke cikin karin maganar nan ta gari ce ko ta jiki? Na ce masa ta gari, wato rashin fitina. Amma har na kwanta abin na yi mini yawo a rai.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga inda za a raba su ba. Na yi aikin jinya a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, kuma yawancin yaran da muka rasa ko ƙarar bindiga ba su tuna ba. Tamowa ce, da ƙyanda, da amai da gudawa. Ka zagaya ma'auni a damtsen yaro ɗan shekara biyu, ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani, bai kai santimita 11 da rabi ba. Uwar tana kallonka, ga gonarsu can a ƙauye, ba halin zuwa. Shan inna ma da aka yi shekara biyu ba a ga sabon kamu ba a Najeriya, a watan Agustan 2016 ta sake ɓulla a Gwoza da Jere, don masu ɗigon rigakafi ba sa iya shiga.

Baban Hajara: Gaskiyarki. Rahoton UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2021 ya ƙiyasta mutum kusan 350,000 rikicin arewa maso gabas ya ci zuwa ƙarshen 2020, kuma kimanin 314,000 daga ciki yunwa da cuta da rashin asibiti ne suka kashe su.

Autan Inna: Ku gafarce ni iyayena, ni karin maganar nan ciwo take yi mini. An kwashe yayana cikin samarin unguwa, aka tsare shi shekara biyu ba a kai shi kotu ba. Ya dawo da tarin fuka, ƙafafu a kumbure, da dare ko ƙofa aka buga sai ya zabura yana rawar jiki. Da muka ce za mu nemi haƙƙinsa, dattawa suka ce mu bari, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Shirun nan shi ne lafiyar?

Malam Mai Alli: Allah Ya ba shi lafiya, ɗana. An ɗora maganar inda ba wurinta ba. Dubi ƙarshenta, "ɗan sarki". Mai kwaɗayin mulki ake ja wa kunne, wanda zai ƙona gari don rawani. Yayanka bai nemi sarauta ba, haƙƙinsa ya nema.

Uwar Biyu: Auta, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kada ya yanke ko ya ji sauƙi. Zaburar daren ma ciwo ce mai magani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Yana samun barci kuwa? Yana cin abinci?