Yaya ake gane yarda ta gaskiya da bin yarima a sha kiɗa a aikin buɗaɗɗiyar manhaja?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. A yawancin ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa ke iya ganin kod ɗinta ya gyara), da zarar babban mai kula ya faɗi ra'ayinsa kan wani gyara, sai ka ga kowa na binsa da +1, wato alamar amincewa. Yaya za a gane an gamsu ne, ko tsoron saɓa masa ake? Kuma wane tsari ne ke sa a saurari mai ra'ayi daban ba tare da aiki ya tsaya ba?

Malam Mai Bita: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ƙirga masu yarda. Ƙirga ƙorafe-ƙorafen da ba a amsa ba tukuna. Mutum goma za su iya danna +1 ba su karanta layi ɗaya ba, amma wanda ya ce "wannan gyaran zai karya tsohon tsarin fayil" tabbas ya karanta.

Gidauniyar Apache, mai kula da ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja da yawa, ta gina dokarta a kan haka. Ana jefa +1, 0 ko -1. A kan sauyin kod, -1 daga mai ikon ƙuri'a yana tsayar da gyaran, amma dole ya zo da dalili na fasaha, in ba haka ba bai da ƙarfi. Kuma ana barin ƙuri'a a buɗe aƙalla awa 72, don wanda ke barci a Asiya lokacin da Turai ke magana shi ma ya samu ya ce nasa. A harshen kwamfuta na Rust kuwa, a takardar neman sauyi da ake kira RFC akwai gurbin da mai shawara zai rubuta illolin shawararsa da hanyoyin da ya bari. Idan ɗan kwamiti ya yi rajistar damuwa, ba a shiga zangon ƙarshe na jin ra'ayi na kwana 10 sai an warware ta.

Ga ƙaramin aiki, abu biyu sun isa: babba ya yi magana a ƙarshe, kuma a rubuta dalilin ƙin kowace shawara a inda sabon zuwa zai gani. Takardun PEP, wato takardun shawarar sauyi na harshen kwamfuta na Python, suna da sashe na musamman don shawarwarin da aka ƙi.

Hajiya Injiniya: Na yarda da Malam, sai dai ban so a ɗauka taron da ya kama baki ɗaya kullum a bayan shugaba yake. Wani lokaci a kansa yake taruwa. Rigimar PEP 572, wadda ta kawo alamar := cikin Python, ta yi zafi har Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python, ya sauka daga jagoranci a watan Yulin 2018. Daga nan aka kafa majalisar mutum biyar da ake zaɓa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne xz, wata manhajar matse fayil. Wasu asusun da ba su da tarihin aiki suka yi ta matsa wa mai kula da shi, wanda yake shi kaɗai, cewa ya yi sanyi, ya ba wani dama. Ya ga kamar muryar jama'a ce. Wanda aka ba ikon ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a siga 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund ne ya gano a Maris 2024, don ya lura shiga ta ssh (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyale abin. Saboda haka idan murya ta yi yawa, a duba: su wa ke magana, me suka taɓa gyarawa, kuma hujja suka kawo ko matsi?

Ɗan Koyo: To Hajiya, idan an saurari mutum, an amsa masa, amma bai gamsu ba fa?

Baba Linux: Sai a yanke hukunci, yarona. Saurare daban, ba kowa abin da yake so daban. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian, wani nau'in Linux, ya rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da Upstart, manhajoji biyu na tayar da tsarin kwamfuta, shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa, systemd ya wuce. Waɗanda ba su yarda ba suka ɗauki kod suka kafa Devuan, lasisi ya ba su wannan haƙƙin.

Kada a ɗauki masu ɓallewa maƙiya. A 1997 wasu suka gaji da jinkirin karɓar gyara a GCC, manhajar juya kod zuwa yaren na'ura, suka buɗe reshensu, EGCS. Aikinsu ya yi sauri har a 1999 aka mayar da shi GCC na hukuma. Haka io.js ya ɓalle daga manhajar Node.js a ƙarshen 2014, suka sake haɗewa a siga ta 4 a 2015. Shawarata: a riƙa bibiyar abin da reshen ke yi, a ɗauko gyaran da ya yi aiki da sunan mai shi, kuma a hana zaginsu a zauren aikin, don wata rana za a buƙaci zama da su.